A Duba Cikin Itace Kafin A Dasa Shi

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, sai ka ga makarantu sun tashi haiƙan da dashen itatuwa. A gayyato manyan baƙi, a haƙa ramuka, a ɗauki hoto, kana a rubuta cikin rahoto cewa an dasa kaza. Ba na ƙin wannan aiki, ko kusa. Abin da ke damuna shi ne ba safai a kan koma cikin watan Afrilu a ƙirga waɗanda suka rage da rai ba. Dashe cikin Yuli ba wuya gare shi, gama ko sandar dashi ka kafa a lokacin sai ta yi toho. Jarrabawar itace tana cikin rani, amsarta kuwa tana rubuce a cikin jikinsa tun kafin a dasa shi. Saboda haka ra'ayina shi ne, mu da za mu fita daga wannan kwaleji mu riƙe azuzuwa, wajibi ne mu san yadda cikin itace ya ke, mu koya wa yara shi da itatuwan ƙasarmu, sa'an nan mu zaɓi abin da za mu dasa bisa ga wannan sani.

Mu da ke zaune nan kudu muna iya manta nauyin rani. Kalaba ta kan sami ruwan sama wajen milimita 3,000 a shekara, Legas fiye da 1,500. Kano kuwa wajen 800 ne zuwa 900, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, na Sakkwato bai ma kai haka ba. Watau itacen da ke tsaye a ƙasar Sakkwato ya kan yi wata bakwai ko takwas bai ga ɗigon ruwa daga sama ba, ga hunturu yana busar da shi, ga zafin bazara yana biye. Ko a nan kudu ma akwai ɗan rani, shi ya sa loko da rimi su kan zubar da ganye. To, ta yaya abin da ba ya iya tashi ya tafi rijiya ya ke ƙetare wannan lokaci?

Bari mu fara da yadda itace ke shan ruwa. In ka yanke reshe ka dubi bakin yankan da gilashin ƙara girma, za ka ga waɗansu 'yan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Waɗannan bakunan jijiyoyin ruwa ne, bututu ne siriri da suka miƙe daga saiwa har ganye. Waɗansu sun fi gashin kai kauri sau uku ko huɗu, waɗansu ba su kai shi ba. Itace ba shi da zuciya mai tura ruwa sama. Famfo mai tsotso kuwa ba ya iya ɗaga ruwa fiye da wajen mita 10, amma akwai wani itace a Kalifoniya ta Amurka da aka auna a 2006 aka tarar ya wuce mita 115, ruwa kuwa yana kaiwa har ƙolinsa. A 1894 waɗansu masana biyu na Dabulin, Henry Dixon da John Joly, suka bayyana sirrin. A jikin ganye akwai ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ya ke buɗewa don ya shaƙi iskar da ya ke haɗa abinci da ita. Da ya buɗe su sai ruwa ya riƙa fita tururi. Ruwa kuwa yana da halin riƙe juna, saboda haka ɗigon da ya fita ya kan jawo na bayansa, na baya ya jawo na baya, har can cikin ƙasa. Ruwan da ke cikin itace kamar guga ne a bakin igiya, rana ce ke ja daga sama. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da itace ya sha ta wannan hanya ya ke fita.

Ga inda hatsarin ya ke. Cikin damina ƙasa tana sakin ruwa da sauƙi, igiya ba ta wahala. Cikin rani ƙasa ta kan riƙe ɗan abin da ya rage gam, iska busasshiya kuma tana ƙara ja daga sama. Ƙarfin jan nan ya kan kai ninki goma na ƙarfin iskar da ke cikin tayar mota, wani lokaci ma ya wuce. In ja ya yi yawa sai iska ta kutsa cikin jijiya, zaren ruwa ya tsinke, kumfar iska ta cika bututun. Wanda ya taɓa shan lemo da tsinken da ya huje ya san abin da na ke nufi: kana tsotsa, iska kawai ke zuwa. Jijiyar da iska ta cika ta daina aiki ke nan, sau da yawa sai itacen ya gina sabuwa in ruwa ya dawo. A 1966 wani masani, John Milburn, da abokin aikinsa suka sa na'urar ƙara sauti a ganyen zurma mai bushewa, suka ji tsinkewar nan tana ƙara ƙas, ƙas. In jijiyoyi da yawa suka tsinke, reshe ya bushe daga sama, in abin ya ci gaba itacen ya mutu da ƙishirwa ko da akwai sauran laima a ƙarƙashinsa.

Kada mai karatu ya ce to, me ya hana kowane itace yin jijiyoyin da ba su tsinkewa? Abin ciniki ne, kowace riba da kuɗinta. Wani likita Bafaranshe, Poiseuille, ya nuna tun cikin shekarun 1840 cewa in ka ninka faɗin bututu sau biyu, ruwan da zai wuce ta cikinsa ya kan ninku sau 16. Saboda haka itace mai manyan jijiyoyi yana shan ruwa da yawa, yana girma da sauri. Amma in babbar jijiya guda ta tsinke, hasarar da aka yi babba ce. Mai ƙananan jijiyoyi masu yawa kuwa a hankali ya ke sha, a hankali ya ke girma, amma in goma suka lalace ɗari suna nan suna aiki. Har wa yau, tsakanin jijiya da jijiya akwai 'yan tagogi masu wata yana kamar rariya mai laushi, wadda ke barin ruwa ya wuce ta tare iska. Gwargwadon kaurin yanar nan da ƙanƙantar ramukanta, gwargwadon jan da itace zai jimre kafin iska ta tsallaka daga matacciyar jijiya zuwa mai rai. Bangon jijiyar ma sai ya yi kauri, in ba haka ba ja ya lotsa shi. Kauri kuwa abinci ya ke ci, abincin da da an yi tsawo da shi.

In mun gane wannan, sai mu dubi itatuwan da muka sani tun muna yara, mu ga kowanne da dabararsa.

Akwai masu jimiri, irin su kirya da marke da aduwa. Tambayi masassaƙi, zai gaya maka kirya tana cin bakin gizago, shi ya sa a ke yin turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma su ke son gawayinta. Da aduwa a ke sassaƙa allo. Nauyin nan da taurin nan daga kaurin bangon da ke cikin itacen su ke, watau abin da masassaƙi ke yabo shi ne makamin da itacen ke yaƙin rani da shi. A dangin kirya da dangin marke, bakin 'yan tagogin nan yana da waɗansu ƙananan tsiro kamar haƙoran mataji, masana kuwa suna ganin su ke tallafe yanar kada ja ya yage ta. Aduwa ta ƙara da ƙananan ganye masu kauri da ƙaya kore, ga ta nan da ɗanyen ganye cikin tsakiyar bazara, a wurin da ciyawa ta zama toka.

Akwai masu ajiya, shugabarsu kuka. Itacen kuka ba ya yin turmi, ba ya yin gawayin kirki, in ya bushe sai ya zama kamar soso. Dalili kuwa, yawancin jikinta nama ne mai rai wanda ke riƙe ruwa, har ruwa ya kan kai kashi uku cikin huɗu na gangar jikinta. Da damina ta ɗauke sai ta zubar da ganye duka, ta rufe ƙofofin da ruwa ke fita, ta zauna tsirara tana jira. Mutane da yawa suna tsammani randa ce ta cika tana sha kullum. Binciken da aka yi kan kukokin Madagaska, aka buga a 2006, ya nuna tana tattalin ruwan nan ƙwarai, ta fi taɓa shi wajen fid da sabon ganye gab da saukar damina, don ruwan fari ya tarar da ita a shirye. Dashi da hano su ma haka su ke, itace marar nauyi, jiki mai ruwa, rassa tsirara cikin rani. Abin da ya sa sandar dashi ke kamawa in an yi shinge da ita ke nan, da guzurinta ta zo.

Sa'an nan ga gawo, wanda ya saɓa wa kowa. Shi cikin damina ya ke zubar da ganye, cikin rani ya yi kore shar, har mutane su kan ce ya ƙi ruwan sama. Sirrinsa yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarsa ta tsakiya ta kan nutsa har ta tarar da ruwan da rijiya ke tararwa. A Burkina Faso an bi ta har wajen mita 7, a arewacin Senegal kuwa an tarar da ita ƙasa da mita 30. Tun da bakinsa yana cikin ruwa, igiyarsa ba ta shan irin jan da na sauran ke sha. Manomi ya daɗe da sanin amfaninsa: ba ya yi wa gero inuwa cikin damina, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne lokacin da babu ciyawa.

To, me wannan sani zai canza a aikinmu? Na farko, zaɓen abin dashe. Mu kan je gandun renon itatuwa mu ɗauko wanda ya fi tsawo da yawan ganye, domin shi zai yi kyau ran biki. Alhali yawan ganye yawan ƙofofin fitar ruwa ne, saurin girma kuma sau da yawa alamar itace ne mai buƙatar ruwa da yawa. Dashen da ya daɗe cikin leda har saiwarsa ta tsakiya ta naɗe kamar gammo, ko aka datse ta, an raba shi da hanyarsa ta neman ruwan ƙasa, gawo kuwa ya fi kowa cutuwa da wannan. Kafin a dasa kome, ya kamata malami ya tambayi kansa wata nawa rani ke yi a garin nan, zurfin rijiyoyin garin nawa ne, wa kuma zai ba dashen ruwa lokacin hutu, har ya ƙetare rani biyu na farko. Makarantar da ta dasa ashirin, goma sha takwas suka rayu, ta fi wadda ta dasa dubu aka rubuta a jarida, awaki da rana suka raba su.

Na biyu, mu hana yara da masu dafa abinci sare itace don an gan shi ba ganye. Zubar da ganye dabara ce ta mai rai. A kankare ɓawon reshe da farce, in an ga kore a bar shi. Haka kuma kututture. Kututturen sabara ko kalgo da a ke sarewa kowace shekara wajen sharar gona yana da tsohuwar saiwa mai zurfi, cike da abinci, wadda sabon dashe zai yi shekaru bai yi irinta ba. A ƙasar Maraɗi, bayan farin shekarun 1970, an yi ta dasa itatuwa yawancinsu suna mutuwa. Daga 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin, suka koma ga kututture: a zaɓi toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sare sauran, a kiyaye waɗanda aka bari. Sassaben zamani su ke kiransa. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta irin wannan hanya a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba leda, ba jarkar ban ruwa.

Na uku, sassaƙe. Ruwa yana hawa ta farin itacen da ke gefe, gama jan da ke tsakiya tsofaffin jijiyoyi ne da aka toshe, aikinsu riƙe nauyi. Abincin da ganye ya haɗa kuwa yana sauka zuwa saiwa ta cikin ɓawo, kuma tsakanin ɓawo da itace akwai wata 'yar fata mai santsi wadda ita ke gina sababbin jijiyoyi kowace damina. Wanda ya kewaye maɗaci da sassaƙe don magani ya yanke wa saiwa abinci, ya kashe maginin da zai maye jijiyoyin da rani ya ɓata. Kuka tana iya mai da ɓawonta bayan an ɓare shi don igiya, amma yawancin itatuwa ba su da wannan baiwa. Ba na cewa a daina magani da sassaƙe. A ɗiba daga gefe guda, siriri, a tsaye, a bar sauran.

Na san abin da waɗansu abokan karatuna za su ce. Za su ce makarantun da za a tura mu ba su da madubin ƙara girma, balle ɗakin gwaji. Gaskiya ne da yawa ba su da shi, amma darasin nan bai dogara ga madubi ba. Ɗaura farar leda a reshe mai ganye da safe, kafin azahar yara za su ga ruwa ya taru a ciki. Yanko ɗanyen reshe ka tsoma gindinsa cikin ruwan da aka zuba wa jan tawada, bayan 'yan sa'o'i ka yanka shi, za su ga hanyar da ruwa ya bi ta yi ja. Samo guntun kara na wani tsiro mai yaɗo, ka sa baki ɗaya cikin ruwa ka hura ɗayan, za su ga kumfa tana fita, su tabbata bututu ne. Roƙi masassaƙi guntayen kirya da rimi masu girma ɗaya, yara su ɗaga su ji bambanci, kana su jefa cikin bokiti su ga wanda ke yawo a sama kamar ƙwarya da wanda ya kusa nutsewa. Gani ya kori ji.

Za su ce kuma mutane suna bukatar inuwa da itacen wuta yau, ba za su jira kirya shekara talatin ba. Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, ta shigo ta Barno cikin shekarun 1920, ga shi ta yi wa garuruwan arewa inuwa, tana kuma jimre rani sosai. Turare, wanda ya zo daga Ostareliya, yana ba da azara da sauri inda ruwan ƙasa ke kusa. A dasa su inda suka dace. Amma a haɗa su da na gida, gama garin da itatuwansa duka iri ɗaya ne, dabararsu ɗaya ce, shekarar da dabarar nan ta kasa duka za su tafi tare. Wanda ya dasa kukar da mu ke cin miyarta yau bai sha inuwarta ba.

Akwai kuma masu cewa Hausa ba ta da kalmomin wannan ilmi. Ga shi kuwa mun zo har nan da jijiya da saiwa da ɓawo da yana, ba mu rasa abin faɗi ba. Yaron da ya gane abu da harshen da ya ke tunani da shi, sunansa na Turanci ba zai ba shi wahala ran jarrabawa ba.

Kada mu ɗauka itatuwan nan ba abin da zai iya da su. A 2012 waɗansu masana suka tattara awon da aka yi wa iri 226 na itatuwa daga wurare 81 na duniya, suka tarar wajen kashi 70 cikin 100 suna aiki ne gab da iyakar jan da jijiyoyinsu ke iya ɗauka, na kurmi da na busasshiyar ƙasa duka. Watau loko na kudu bai fi marke na arewa kwanciyar rai ba, kowanne an ɗinka masa riga daidai ranin ƙasarsa, in rani ya ƙaru kaɗan rigar ta matse. A 2018 kuma aka ba da labarin cewa 9 daga cikin kukoki 13 mafi tsufa a Afirka sun mutu, ko manyan sassansu sun rushe, cikin shekara 12, yawancinsu a kudancin nahiyar. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na bakin hamada. Irin wannan shiri, kome yawan kuɗinsa, a hannun mutanen ƙauye ya ke ƙarewa, mutanen ƙauye kuwa ta hannun malamin firamare su ke wucewa.

Saboda haka ina roƙon hukumar kwalejinmu da ƙungiyoyin ɗalibai abu biyu. A rubuta wa kowane babban itace da ke cikin harabar nan sunansa da Hausa da Yarabanci da Ibo da na kimiyya, a ƙara layi ɗaya mai faɗin yadda ya ke yi da rani, don mai wucewa ya karanta. Sa'an nan duk shekarar da muka yi dashe, a sa rana cikin ƙarshen Maris a fita a ƙirga masu rai, a buga adadin a cikin wannan mujalla tare da sunayen irin da suka tsira da irin da suka mutu. Bayan shekara biyar za mu sami littafin da babu wanda ya rubuta mana shi, ɗalibin da ya fita da shi kuwa zai san abin da zai dasa a makarantar da aka tura shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, haka malami ma. Allah ya ba mu damina mai albarka.